Wurin da Na Bar wa Nafisa

Yanzu na iso shekarar da makarantar matan aure ta gidanmu ta watse, ina kuma roƙon Allah Ya tsare hannuna daga ƙari da ragi. 'Ya'yana, na san yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku, don idona ne ya yi rauni, kunnena garau yake. Kukan ce rannan ciwon Inna ne ya motsa, ta buɗe baki a gaban Gwaggo Hajara ta tona wa kanta asiri, ta jawo wa gida abin faɗa. Cikin tausayi kuke faɗa, na sani, amma wallahi tausayin nan ya fi zagi ƙona mini rai. Duk tsawon shekarun da na yi ina fama da zuciyata, ban taɓa zama cikin hankalina kamar wannan yinin ba. Abin da ya hana ni gyara muku zancen tuntuni shi ne, rabin labarin ba nawa ba ne, na Nafisa ne, matar ɗan'uwanku Habibu. Bana da ta zo yi mini barka da salla ta same ni da takardun nan, ita da bakinta ta ce in rubuta. Ta ce gara 'ya'yanta su karanta daga hannuna da su tsinta a bakin duniya.

Sai na ɗan koma baya. Kun san Yayarku ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. 'Yar fari ce, tana raye ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa jan ta jikina a gaban mutane ba, haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi a Ringim. Da ta rasu sai na rasa ta inda zan fara kuka. Ga shi ni ce malamar unguwa, na yi shekara da shekaru ina zaunar da matan aure bayan la'asar ina karantar da su falalar haƙuri. Masu zuwa gaisuwa su ke kuka, ni nake ba su baki. Aka yi ta yabona, ana cewa ga imani ga tawakkali, ni kuwa yabon yana sauka a kaina kamar ana ɗora mini buhun gero. Bayan 'yan watanni abin ya nemo hanyar fita da kansa. Ke Maryam ba sai na tuna miki ranar da na jefe ki da ludayi a kan gishirin miya ba. Abu kaɗan sai in ji wuta ta taso mini daga ciki, in yi faɗa har muryata ta dushe, in fasa abin da ke hannuna. Sannan kunya ta rufe ni, in kulle ɗaki in yi kwanaki ina roƙon Allah Ya ɗauki raina. Mahaifinku ya yi mini rubutu na sha, ya yi mini tofi, ina kuma jin sanyinsu, amma da an kwana biyu sai wutar ta dawo inda take.

Hawan jini ne ya kai ni asibiti. Likitan ya auna, ya sake aunawa, sai ya ajiye abin awon ya tambaye ni wa ya rasu mini. Har yau ban san a ina ya gani ba. Shi ya tura ni wani ɗaki can ƙarshen baranda, a sashen da mutanen gari ke kira na masu taɓin hankali, inda wata ma'aikaciya mai suna Zainab take tara mata kowace Talata da hantsi. Ba likitar allura ba ce, amma Likita muke ce mata. A gida na nemi izinin Malam, mahaifinku, na ce asibiti sun ce in riƙa zuwa duk Talata. Gaskiya na faɗa, shi kuma ya ɗauka awon jini ne, na bar shi a haka.

Ranar farko na tarar da tabarmi a shimfiɗe, mata ba su kai goma ba, kowacce da farar takarda mai faɗi a gabanta, ga fensira masu launi, ga gwangwanayen fenti. Na tsaya daga bakin ƙofa raina a ɓace.

"Likita, ni 'yar malamai ce," na ce. "Ba na zana abu mai rai, kuma na girmi wasan yara."

"Mama, ko ƙuda ba wanda zai sa ki zana," ta ce tana dariya. "Kin taɓa saƙa faifai?"

"Tun ba a haife ki ba."

"To irin adon da kike sa wa faifai za ki yi. Ba gwaninta muke nema ba, zauna ki gani."

Hanyar tana da wani dogon suna na Turanci da ban taɓa riƙewa ba, amma gundarinta ta faɗa mana da Hausa: mutum ya karɓi kansa yadda yake yau, kuma ya dage wajen canzawa, duka biyun tare, ba sai ɗaya ya kori ɗaya ba. Kowane mako da darasinsa. Wani makon yadda mutum zai tsaya cak idan zuciya ta taso, kafin baki ko hannu ya riga shi. Wani makon yadda zai jure raɗaɗi ba tare da ya ƙaro wa kansa wani ba, ko da ta tsoma fuska a ruwan sanyi ne. Akwai ma darasin neman abu a wurin mutum ba da magiya ba, ba da tsawa ba, wanda matan suka yi ta shewa suna cewa a kira mazajensu su ma su zauna. Amma ba ta taɓa barin darasi a baki kawai. Da ta gama bayani sai ta ce a ɗauki launi. Fushin nan naki, wane launi ne? Ya cika takardar ko gefe ya tsaya? Da farko na ɗauka shirme ne. Sai na lura duk abin da bakin malama ya kasa faɗa, hannuna yana faɗa ba kunya, kuma in fushin ya kwanta a takarda ina iya kallonsa in ga yana da iyaka. An hana a ce zanen wance ya yi kyau ko ya yi muni, sai dai a faɗi abin da ido ya gani, ga ja nan, ga layi ya karye can. Kun san ni da gyara, wannan dokar ta fi kowacce ba ni wuya.

Akwai kuma amanar da kowa ta ɗauka tun ranar da ta shigo. Abin da aka faɗa a kan tabarmar nan a nan zai tsaya, har da sanin wa da wa ke zuwa. In an haɗu a kasuwa ko gidan biki, kowa ta wuce kamar ba ta taɓa ganin 'yar'uwarta ba. Na yi mita, na ce a garin nan a ga mutum a ƙi gaishe shi, ai sai a ce gaba ake yi. Likita ta ce gaisuwa ce ke jawo tambayar a ina kuka san juna, kuma a cikinmu akwai waɗanda wannan tambayar za ta iya kashe musu aure. Na yarda, don na san garinmu.

A hagu da ni wata yarinya ke zama, 'yar Taura da ke karatu a nan Dutse, siririya, hannun rigarta kullum a sauke ko ana zafin bazara. Nafisa ke nan. Abin da ya kawo ta nata ne, ko yanzu da ta ba ni izini ba zan shimfiɗa shi ba. Ya isa ku san cewa ni in tawa ta taso a kan mutane nake hucewa, ita kuwa a jikinta take hucewa. Wata Talata Likita ta ce kowa ta fara zane, in ta tafa hannu a miƙa wa ta hagu ta ɗora. Na zauna na tsara irin zayyanar da mahaifina yake yi wa allon masu sauka, gida-gida, ja da kore da rawaya, ko'ina daidai wa daida. Aka tafa, na miƙa wa Nafisa. Yarinyar nan ta tsoma buroshi a baƙin fenti ta ja wani ƙaton layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta raba mini aikin gida biyu. Takardar ta zagaya ta dawo hannuna, wuta ta taso, har na buɗe baki.

"Mama, tsaya," in ji Likita. "A ina kike jin sa?"

"A wuyana. Wannan wane irin rashin tarbiyya ne? Dubi yadda ta ɓata mini aiki."

"Ba za a goge ba, kuma ba za a ba ki sabuwa ba. Wannan ce ta dawo hannunki. Me za ki ɗora a kanta?"

Na ƙura wa takardar ido. Ba za a ba ni sabuwa ba. Abin da na yi ta faɗa wa mata shekara da shekaru, ban taɓa jin sa a ƙashina ba sai rannan, a kan takardar da ba ta kai komai ba. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da Yayarku. Ba wadda ta ce in yi haƙuri, wannan ma an hana. Nafisa ce ta tashi ta ɗebo ruwa a randa, ta riƙe mini kwanon na sa fuskata a ciki. Da na lafa ta ce mini a hankali ba don ta ɓata mini ta yi ba, ita dai duk abin da ta ga ya cika tsari tsoro yake ba ta. Na ɗauki farin fenti na bi gefen baƙin layin nata da ɗige-ɗige har ƙarshe. Daga rannan muka shaƙu. Ta san abin da ko mahaifinku bai sani ba game da ni, ni ma na san nata. A gida kuma kuka fara ganin sauƙi, har Maryam tana tsokanata wai maganin hawan jinin nan an haɗa da na faɗa a ciki.

Ana cikin haka Habibu ya ce ya ga matar aure. Kunya ta hana shi zuwa da kansa, sai ya turo Maryam da hoto a waya. Ina dubawa na ga Nafisa, ta sha kwalliya tana murmushi. Na miƙa wayar na ce Allah Ya sa alheri, na zagaya na daɗe ina zuba wa fuskata ruwa. Ita ba ta san ni ce uwar Habibu ba, don a can Mama kawai ake ce mini. Kwanakin da suka biyo baya na rasa inda zan sa kaina. Ni na karantar da mata cewa in an tambayi mutum halin wanda za a aura ba a ɓoyewa, ni kuma na karantar da su cewa amanar zama ba a cin ta. Ga ɗana a gefe guda, ga yarinyar da ta riƙe mini kwano a ɗaya gefen. Da Talata ta zagayo na yi sammako, na sami Likita na gaya mata, aka kira Nafisa kafin sauran su iso. Ina faɗa mata ko ni wace ce, sai ta zame daga kan benci ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," na ce. "Ya sani?"

"Ya sani, Mama. Tun kafin ya ce zai turo na gaya masa komai, na nuna masa hannuna. Na ce in tafiya zai yi ya tafi tun yanzu."

"Me ya ce?"

"Ya ce kada in daina zuwa."

Na yi hamdala. Mai haƙƙin sani ya sani, saura kuma ba haƙƙin kowa ba ne. Habibu, rannan ka ƙara girma a idona, duk da ban taɓa gaya maka ba sai a wannan takarda. Likita ta bari muka natsu, sannan ta faɗi abin da ni ma na riga na hango. Suruka da matar ɗa ba za su zauna a tabarma ɗaya suna zazzage cikinsu ba. Tun yanzu ga shi ta rufe fuska, in muka zauna tare ba za ta ƙara buɗe baki ba, ni ma haka, mu yi asarar wurin mu biyu. Zaman mata kuma ɗaya ne tak, ga shi an kai tsakiyar karatu.

"Ni zan bari," in ji Nafisa daga cikin mayafi. "Mama ce babba."

"Rufe mini baki," na ce. "Ni na ci zamanina da halina, ke yanzu za ki fara gida. Kuma gidan ɗana za ki fara."

Da ƙarfin hali na faɗa, amma kada ku ɗauka da sauƙi na fito daga ɗakin nan. A duk faɗin Dutse nan ne kaɗai wurin da ba malama ba ce ni, nan ne kaɗai nake iya cewa yau ban ji daɗi ba a bar ni da maganata. Likita ta ce za ta riƙa ganina ni kaɗai in ta sami sarari, ta kuwa yi ƙoƙari, amma ba ɗaya ba ne da zama cikin 'yan'uwa. A gida na ce na daina zuwan mako-mako, ba wanda ya tambayi dalili.

Aka shiga bincike kamar yadda aka saba, Malam ya ɗora wa yayarsa, Gwaggonku Hajara, ɓangaren mata. Kun san ta, Allah Ya jiƙanta, in ta sa abu a gaba sai ta ga ƙwal uwar daka. Ba muguwa ba ce, Habibu a bayanta ya girma, tsoro take ji masa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta iso daga Garki, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kira ni ɗakin Malam. Ku kuna tsakar gida, ƙarshen maganar kuka tsinta, farkonta ya wuce ku.

"Asali dai ba laifi," in ji ta. "Uban manomi ne mutumin kirki, uwar ma haka. Amma an ce mini ana ganin yarinyar duk Talata a sashen mahaukata. Malam, ba za mu ɗebo wa zuri'a abin da za a yi ta gado ba."

Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, ke da kika yi ta zuwa asibitin nan ran Talata, kin taɓa ganin ta?"

Tun da Gwaggo ta ce mahaukata wutar ta taso mini har wuya. Da a da ne, da rannan maƙwabta sun ji mu. Sai na tsaya cak yadda aka koya mini, na ji tafin ƙafata a kan tabarma, na saki numfashi, na dubi fushin na ga ja ne, babba ne, amma bai cika takardar ba. A ɗan wurin da ya rage na yi tunani. In na ce ban gan ta ba na yi wa mijina ƙarya. In na ce na gan ta na ci amana, auren kuma ya tashi. In na yi shiru, shirun zai amsa a madadina. Abu ɗaya ne a ɗakin nan da yake nawa, wanda nake da ikon bayarwa, kuma na san abin da zai biyo baya kafin in buɗe baki.

"Malam, wanda na gani da wanda ban gani ba a asibiti ba zan faɗa ba, ko a kan wa aka tambaye ni, don amana na ɗauka. Amma nawa zan faɗa. Sashen da Yaya ta kira na mahaukata, can na yi ta zuwa duk Talatar nan, ba awon jini ba. Tun rasuwar yarinyar nan ba ni da lafiya, kowa a gidan nan ya sani, mai faɗa aka rasa. In zuwa can ne ke hana a haɗa zuri'a da mutum, to mutanen Taura ne ya kamata su yi bincike a kanmu."

Gwaggo ta saki salati tana tafa hannu.

"Ke kuwa me ya yi zafi? 'Yar malam, matar malam, da Alƙur'ani a ɗakinki?"

"Da shi, Yaya, kuma ban ajiye shi ba. Da ƙafa na karya ma da shi zan je wurin mai ɗori."

Ku da kuke tsakar gida ku tuna da kyau, muryar wa kuka jiyo? Ta Gwaggo ce, tana kuka tana salati. Ni ban ɗaga tawa ba ko sau ɗaya. Malam dai ya ce maganar auren a dakata tukuna, ya tashi ya fita zaure.

Gwaggo mutum ɗaya ta gaya wa, wai a taya ni da addu'a, kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka. Matan da nake karantarwa suka fara janyewa, wannan mijinta ya hana, waccan yaro ba lafiya. Wata da na koya wa Fatiha da bakina aikowa ta yi a karɓar mata littafinta. Na ci gaba da share rumfa ina shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, har ranar da na zauna ni kaɗai aka kira magariba, na naɗe su na jingine. Makarantar nan ita ce gadona daga gidanmu, ba gona ba, ba saniya ba, kuma na yi kukanta sosai. Abin da ya fi damuna shi ne ban san ko sadaukarwar ta yi amfani ba. Bakin mutane ya bar Nafisa ya dawo kaina, gaskiya ne, amma Malam bai ce a yi ba, bai ce a fasa ba. Habibu yana ta ramewa, yana shiga yana fita ba ya iya haɗa ido da kowa.

Wata Talata da safe sai ga Malam a ƙofar ɗakina da makullin tsohuwar motarsa a hannu.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Na san kunya ce ta sa kika daina. Ba za ki bar magani don bakin mutane ba. Daga yau ni zan riƙa kai ki."

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin son mahaifinku kamar rannan ba, kuma ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta rannan ba. In na ce ba ni da wuri a can zai ce don me, amsar don me kuma ita ce Nafisa. Na ɗauko mayafi na bi shi. Ya sauke ni a bakin ƙofar asibiti ya wuce harkokinsa, ni kuma na zagaya bayan sashen, na sami benci a gindin wata darbejiya na zauna. Daga nan ina jiyo tafin Likita in an ce a miƙa takarda, ina jiyo dariyar matan, wani lokaci da kukan wata da na gane muryarta. Sai in tsinci kara in yi ta zane a ƙasa, in share da ƙafa in sake. Likita ta hango ni ta taga, ta aiko mini da ruwan sanyi. Kafin a tashi sai in koma bakin ƙofa in jira Malam, ya tambaye ni ya aka tashi, in ce lafiya lau. Haka muka yi Talatoci da dama.

Rannan ya dawo da wuri. Bai gan ni a bakin ƙofa ba, ya shigo yana tambaya har ya same ni da kara a hannu.

"Hajiya, me kike yi a waje?"

Kafin in nemo abin faɗa ƙofar ɗakin ta buɗe. Matan suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, Allah Ya saka musu da alheri. Nafisa ce ta ƙarshe. Da ita ma ta wuce da shi ke nan, don Malam bai san fuskarta ba. Amma ita ta san tasa, Habibu ya taɓa nuna mata shi daga nesa, kuma 'yar da aka yi wa tarbiyya a Taura ba za ta gifta gaban uban wanda za ta aura da takalmi a ƙafa ba. Daga baya ta ce mini kafin ta yi tunani ƙafafunta sun gama nasu. Ta tuɓe takalman, ta durƙusa a kan ƙasar nan mai zafi, ta juyar da kai ta rufe fuska, ga fenti a yatsunta. Babu yarinyar da za ta yi wa baƙon dattijo irin wannan durƙuson. Malam ya dube ta, ya dubi ƙofar da ta fito, ya dubi bencin da nake kai. A raina na ce shi ke nan, wurina ya tafi, makarantata ta tafi, ga auren ma zai bi su.

"Ke ce ta Taura?" ya ce.

"Ni ce, Baba."

Malam ya dubi takalman da ta tuɓe.

"Tashi, 'yata, sa takalmanki, ƙasar nan da zafi. Mako mai zuwa ma ki zo, kada ki fasa."

A mota, da muka kusa gida, ya juyo gare ni.

"Wuri ɗaya ne ke nan, kika bar mata?"

"Malam, na ɗauki amana."

"Na ji. Ban tambaye ki ba."

Muna shiga gida, ko hula bai cire ba, ya kira Gwaggo a waya a gabana.

"Yaya, na kammala binciken da kaina. A shirya a je Taura a sa rana."

Ina jiyo muryarta tana ta kawo dalilai, ya bar ta ta gama, ya ce ya ga yarinyar da idonsa kuma ta yi masa. Ya ajiye wayar ya juyo gare ni.

"Ke kuma in sun buɗe sabon zama, da hannuna zan kai sunanki."

Ba a sake buɗewa ba. Likita ta kai su Nafisa ƙarshen karatunsu, sannan ta tafi ƙarin nata karatun, mahaifinku kuma bai daina leƙawa yana tambaya ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Rabin karatun na samu, da shi nake lallaɓawa har yau, wata rana in fi ƙarfin zuciyata, wata rana ta fi ƙarfina. Ɗaya rabin yana gidan Habibu, yana renon jikokina.